Rocroi a Kan Tebur: Yadda Ake Sake Gwabza Yaƙin Faransa da Sifaniya na 1643

A Ingila da Faransa da Sifaniya da Amurka akwai wani wasa da magidanta ke yi, wanda in ba a yi wa mutum bayani ba sai ya ɗauka na yara ne. Ana shimfiɗa koren ƙyalle a kan tebur mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa huɗu, a dasa 'yan bishiyoyin roba, a zana rafi da fadama, sannan a jera ɗaruruwan 'yan mutum-mutumin sojoji na dalma ko na roba, kowanne bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Mutum biyu ko huɗu su tsaya a gefe da tef irin na tela, da littafin dokoki, da dayis, wato ɗan abin nan mai fuska shida da muke jefawa a wasan lido. Ba kuɗi ake sawa ba. Abin da suke yi shi ne sake buga wani yaƙi da aka yi a tarihi, su ga ko zai ƙare yadda ya ƙare.

Cikin yaƙe-yaƙen da masu wannan wasa ke yawan komawa gare su akwai na Rocroi, wanda Faransawa ke furtawa Rokurwa. An yi shi ranar Talata 19 ga Mayu 1643 tsakanin rundunar Faransa da ta Sifaniya. Mun zaɓe shi ne domin yana nuna abin da wannan wasa ke iya koya wa mai son tarihi, yana kuma nuna inda wasan ke gazawa.

Daga ɗakin hafsoshi zuwa falon gida

Tun da daɗewa mutane ke kwatanta yaƙi da wasannin tunani irin su dara da ces. Amma wasan da ke auna tazara da lokaci da ƙarfin harbi a Jamus aka haife shi. A 1780 wani malamin lissafi a Braunschweig, Johann Hellwig, ya faɗaɗa allon ces ya sa masa duwatsu da koguna. A 1812 Georg von Reisswitz ya kai wa sarkin Furushiya wani tebur na musamman da ake shirya filin daga a kansa. Ɗansa, wanda hafsa ne a rundunar igwa, shi ya kammala aikin a 1824. Ya kawo taswira ta gaskiya, ya raba rundunoni ja da shuɗi, ya sa dayis ya wakilci abin da ba a iya hasashe, sannan ya ƙirƙiro alƙalin wasa wanda shi kaɗai ke ganin komai. Shugaban hafsoshin Furushiya, Janar von Müffling, ya ba da umarni a yi amfani da shi wajen horar da sojoji. Sunansa Kriegsspiel, wato wasan yaƙi da Jamusanci. Da Furushiya ta murƙushe Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai rundunonin duniya suka shiga kwaikwayonsa.

Hanyarsa zuwa gidajen farar hula ta bi ta kayan wasan yara. A 1893 kamfanin Britains na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, suka yi araha. A 1913 marubuci H. G. Wells ya wallafa littafin Little Wars, inda ya tsara dokokin wasa da irin waɗannan sojoji da 'yar igwa mai harba tsinke. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Jack Scruby a Amurka ya riƙa ƙera ƙananan sojoji yana fitar da mujalla, a Ingila kuma Donald Featherstone, tsohon sojan tankar yaƙi, ya fitar da War Games a 1962. Daga nan ƙungiyoyi suka yaɗu.

A yau ana sayar da sojojin a ma'auni daban-daban, an fi sanin milimita 6 da 15 da 28. Ba fenti suke zuwa. Mai wasa ne zai zauna da siririn buroshi ya yi wa kowane soja riga da hula da ɗamara, ya binciko kalar tutar kowace runduna. Idan an ce kowane mutum-mutumi ɗaya yana wakiltar soja 50, to yaƙin da ya haɗa mutum dubu 50 yana buƙatar guda 1,000. Aikin watanni ne, wani lokaci shekaru. Ta wannan hanya mutumin da ya shigo don nishaɗi yakan wayi gari yana karanta littattafan tarihi fiye da ɗalibin jami'a.

Turai a bazarar 1643

Lokacin nan Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya faro a 1618, yana cin tsakiyar Turai. Sifaniya ce babbar daula. Tana mulkin Milan da Naples a Italiya, tana da yankin da yau ake kira Beljiyam, azurfar ƙasashen Amurka tana shigo mata ta teku. Faransa na tsakiya, kusan ta ko'ina ta juya sai ta ga ƙasar gidan sarautar Habsburg. Shi ya sa Kadinal Richelieu, babban wazirin Faransa, ya shelanta yaƙi da Sifaniya a 1635. Farkon abin bai yi wa Faransa daɗi ba. A 1636 Sifaniyawa suka ci garin Corbie, mutanen Paris suka fara ɗaure kaya. A Mayun 1642 gwamnan Sifaniya a yankin Beljiyam, Francisco de Melo, ya ragargaza wata rundunar Faransa a Honnecourt.

Ƙashin bayan wannan ƙarfi shi ne tsarin dakaru da ake kira tercio, wanda aka kafa a shekarun 1530. A takarda tercio ɗaya mutum 3,000 ne, ko da yake a fagen fama yawanci bai kai haka ba. Masu dogayen masu, kowane mashi kusan mita biyar, su ke tsakiya a cunkushe, 'yan bindigar toka na gefe. Doki ba ya yarda ya faɗa kan tsinin mashi, mai bindiga kuma yana samun mafaka ya ɗura albarushi. Amma asirin tercio yana ga mutanensa. Tsofaffin sojoji ne da suka shekara goma ko ashirin tare, sun san juna, suna ganin gudu abin kunya ne. A 1634 a Nördlingen sun tsaya wa rundunar Suwidin da ake jin tsoro, suka karya ta.

Sai dai gida ya fara tsagewa. A 1640 Kataloniya da Fotugal duk suka yi wa sarkin Sifaniya tawaye. Melo ya shiga Faransa daga arewa a 1643 domin ya janye hankalin Faransawa daga Kataloniya. Lokaci kuma ya yi masa kyau. Richelieu ya rasu a Disambar 1642, Sarki Louis na 13 ya bi shi ranar 14 ga Mayu 1643, ya bar gadon sarauta ga yaro ɗan shekara huɗu, Louis na 14. Melo ya yi wa Rocroi ƙawanya, wani ƙaramin gari mai ganuwa da siffar tauraro a dazukan Ardennes, kan hanyar da ke gangarawa Paris.

Wanda aka ba rundunar Faransa ya tare shi saurayi ne ɗan shekara 21, Louis de Bourbon, Yariman Enghien, ɗan gidan sarauta da bai taɓa jagorantar babban yaƙi ba. An haɗa shi da dattijo Marshal L'Hôpital domin ya riƙa ja masa linzami. Dattijon ya ce a guji karo. Saurayin ya fi sauraron Jean de Gassion, baraden da ya koyi yaƙin doki a rundunar Sarki Gustavus Adolphus na Suwidin.

Daga asuba zuwa hantsi

Rocroi na tsakiyar wani fili da daji da fadama suka kewaye, mashigarsa daga ɓangaren Faransawa ƙunci gare ta. Ranar 18 ga Mayu Enghien ya ratso da rundunarsa ta wannan mashiga, Melo yana kallo bai hana ba. Ƙiyasin da aka fi kawowa shi ne Faransawa kusan dubu 23, rundunar Melo kusan dubu 27 da igwa 18. Akwai kuma Janar Beck da ke tafe da ƙarin mutum wajen dubu shida. Rundunar da muke kira ta Sifaniya gamayya ce, akwai Italiyawa da Jamusawa da Walon na Beljiyam da mutanen Burgundy. Ainihin Sifaniyawa tercio biyar ne, su ke sahun gaba a tsakiya.

Da yammacin ranar, La Ferté da ke riƙe da dawakin hagun Faransa ya yi gaban kansa ya nufi garin, ya bar giɓi a sahu. Da Melo ya afka a lokacin, da wataƙila labarin ya ƙare nan. Bai afka ba, aka dawo da La Ferté, dare ya yi. Cikin daren Faransawa suka samu labarin 'yan bindiga kusan dubu da Melo ya ɓoye a wani kurmi, suka far musu kafin gari ya waye.

Da asuba Enghien da Gassion suka kai hari da dawakin dama, suka tarwatsa dawakin Alburquerque. A ɗaya gefen abin ya juya. La Ferté ya saki dawakinsa da gudu tun daga nesa, suka iso a gajiye kuma a warwatse, dawakin Isembourg suka karya su. Aka raunata La Ferté aka kama shi, aka raunata L'Hôpital, aka ƙwace igwogin Faransa aka juya su kan masu su. Tsakiyar Faransa ta fara ja da baya. Baron Sirot ne da rundunar ko-ta-kwana ya toshe ɓarakar.

A nan Enghien ya yi abin da ya sa sunansa ya shiga tarihi. Ya bar Gassion ya ci gaba da korar masu gudu, shi kuma ya tattara sauran dawaki ya karkata hagu, ya ratsa ta bayan tsakiyar abokan gaba. Ya faɗa wa dakarun Jamus da Walon daga inda ba su zata ba, suka watse, na Italiya suka janye. Ya zarce har ƙarshen filin ya ɓullo wa Isembourg ta baya, Sirot kuma ya matso ta gaba. Kafin rana ta yi sama, dawakin Sifaniya sun ƙare.

Saura tercio na Sifaniyawa su kaɗai a tsakiyar fili. Suka haɗe wuri guda, masu a waje, igwa a ciki. Shugabansu, tsoho Comte de Fontaine, ciwon gaɓɓai ya hana shi hawa doki, a kan kujera ake ɗauke da shi, a kanta kuma aka kashe shi. Sau uku Faransawa na kai hari ana mayar da su da wuta. Sai Enghien ya jawo igwa ya riƙa buɗe musu wuta daga nesa, albarushinsu kuma ya ƙare. Da hafsoshinsu suka nemi sulhu Enghien ya matso da mahayansa, wasu Sifaniyawa suka ɗauka sabon hari ne suka yi harbi. Faransawa suka fusata suka afka musu, aka yi kisa mai yawa kafin a tsayar da shi. Waɗanda suka rage sun miƙa wuya bisa sharuɗɗa. Beck ya iso kusa ya tarar da masu gudu, ya juya. Faransa ta yi asarar mutum wajen dubu huɗu tsakanin matattu da masu rauni, asarar Melo ta ninka haka in an haɗa da fursunoni.

Abin da tebur ke tonawa

Idan muka karanta wannan labari a littafi, komai yakan zo a jere kamar dole ne ya faru haka: Melo ya yi sakaci, Enghien haziƙi ne, tercio ya tsufa. Tebur yana rushe wannan tunani, domin yana sa mutum a matsayin wanda bai san ƙarshen labari ba.

Mu ɗauki Melo. Wanda aka ba rundunar Sifaniya a wasa yana da mutane fiye da abokin karawarsa, ya san Beck na tafe, ya kuma ga cewa Faransawa sun shigo filin da mafitarsa ɗaya ce ƙuntatacciya. In ya ci su a nan, ba mai tsira. Nan take zai ga hikimar barin su su shigo da kuma jinkirta faɗa. Masu shirya wasan sukan sa zuwan Beck a hannun dayis: daga wani zagaye, ana jefawa kowane lokaci, in lamba ta fito sai sabbin sojoji su ɓullo a bakin tebur. Ranar da Beck ya iso da wuri, Faransa takan sha kashi. Shawarar da tarihi ya kira sakaci, tazarar sa'o'i kaɗan ce tsakaninta da a kira ta dabara.

Matsalar Enghien ta fi wuya. Mai wasa yana tsaye a kan tebur kamar shaho, yana ganin hagu da dama lokaci ɗaya. Enghien na kan doki cikin ƙura da hayaƙin albarushi, ba waya, ba rediyo, sai manzo da ƙaho. Haka kuma mahayan da suka ci nasara ba sa son tsayawa, ganima ce a gabansu. Watanni bakwai kafin Rocroi, a Edgehill ta Ingila, dawakin Yarima Rupert sun kori abokan gaba suka bi su har wajen kayan sansani, kafin su dawo damar cin yaƙin ta wuce. Saboda haka masu rubuta dokoki suke ɗaure hannun ɗan wasa da gangan. A littattafai irin su Pike & Shotte na kamfanin Warlord Games, kowane kwamanda yana da lambar ƙwarewa, sai an jefa dayis biyu a ga ko umarninsa ya isa. In bai isa ba, rundunar tana nan tsaye, mai ita yana kallon dama tana wucewa. Wasu ƙungiyoyin sukan koma tsarin Reisswitz, su sa alƙali ya ɓoye 'yan bindigar kurmi a takarda, su hana 'yan ɓangare ɗaya magana da juna sai ta rubutaccen saƙo da ke isa bayan zagaye biyu. Duk wanda ya gwada juya dawaki ta bayan abokan gaba a irin wannan yanayi, ya ga sau nawa abin ke lalacewa, zai san girman abin da yaron nan ya yi.

Sai batun tsayuwar ƙarshe. Kowane littafin dokoki yana da gwajin ƙarfin zuciya: runduna ta rasa mutane da yawa, ko ta ga maƙwabtanta sun gudu, sai a jefa dayis a ga ko za ta tsaya. In aka bi wannan doka yadda take, tercio na Rocroi ya kamata su watse tun da hantsi. Dole a rubuta musu doka ta musamman. Ana iya auna nisan harsashi da saurin doki da tef, amma abin da ke sa mutum ya tsaya kusa da abokinsa na shekara ashirin alhali ya san an riga an ci su, wannan sai dai a ba shi lamba a wuce.

Abin da tebur ke rufewa

An daɗe ana koyar da cewa a Rocroi aka binne ƙarfin Sifaniya. Sabuwar gwamnatin Faransa, ta uwar sarki Anne da Kadinal Mazarin, tana buƙatar nasara a makonta na farko, ta kuwa yayata wannan iyakar yayatawa. Huɗubar da Bishop Bossuet ya yi a jana'izar Enghien a 1687 ta ƙara kafa labarin. Su ma Sifaniyawa sun rungumi nasu ɓangaren, na jarumtar waɗanda suka ƙi gudu. Fim ɗin Alatriste na 2006 da wannan tsayuwa ya rufe.

Abin da ya biyo baya bai goyi bayan labarin sosai ba. Wata shida bayan Rocroi aka ragargaza wata rundunar Faransa a Tuttlingen ta Jamus. Yaƙi da Sifaniya ya ci gaba shekara 16. Enghien kansa, wanda ya gaji sarautar Condé, ya saɓa da Mazarin a tawayen Fronde, ya koma ɓangaren Sifaniya, a 1653 kuma ya ci garin Rocroi da sojojin Sifaniya. A 1656 yana cikin waɗanda suka karya Faransawa a Valenciennes. Sai bayan kashin da Turenne ya ba Sifaniyawa kusa da Dunkirk a 1658 aka yi sulhun Pyrenees a 1659. Tsarin tercio ya rayu har 1704, lokacin da Sarki Philip na 5, jikan Louis na 14, ya soke shi. Masana irin su Geoffrey Parker sun nuna cewa abin da ya ci Sifaniya a hankali shi ne bashi, da wahalar biyan albashi, da tsawon hanyar kai sojoji daga Italiya zuwa Beljiyam, da yaƙi a fagage da yawa lokaci guda.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke hawa tebur. Sojan dalma ba ya bin albashin wata shida. Ba ya ƙwace hatsin manomi, ba ya kamuwa da annoba a sansani, in ya faɗi ana ɗauke shi a mayar cikin akwati. Yaƙin Shekara Talatin ya kashe miliyoyin mutane a ƙasashen Jamus, akasarinsu talakawa ne da yunwa da cuta suka ɗauke, ba su taɓa ganin filin daga ba. Wasan da ya tsaya kan safiya ɗaya yana iya sa mu ɗauka cewa makomar dauloli a irin wannan safiya ake yanke ta.

Wells ya san da wannan haɗari. Mai adawa da yaƙi ne, kuma hujjarsa a ƙarshen littafinsa ita ce duk wanda ya buga ƙaramin yaƙi 'yan lokuta zai gane irin shirme da ɓarnar da babban yake. Shekara ɗaya bayan fitowar littafin aka fara Yaƙin Duniya na Ɗaya, hafsoshin da suka tsara shi kuwa da yawansu da wasan yaƙi aka horar da su. Wasa bai hana kowa yaƙi ba.

Amfaninsa a wajenmu masu karatun tarihi ya fi wannan ƙanƙanta, amma na gaske ne. Yana hana mu yi wa mutanen da suka shuɗe hukunci da ilimin da ba su da shi. Melo bai san Beck zai makara ba, Fontaine bai san dawaki za su bar shi ba, Enghien bai san Sirot zai riƙe tsakiya har ya zagayo ba. Garin Rocroi na nan har yau da ganuwarsa mai siffar tauraro, kusa da iyakar Faransa da Beljiyam, kujerar Fontaine kuma tana gidan tarihin soja da ke Paris.